Ƙafar Yaya Habu da Ƙaron Amya

Tun da na dawo daga Ngaundare, can ƙasar da Faransawa suke mulki, ba na zama a dakalin ƙofar gidanmu a Madabo ba tare da wani ya tsare ni da tambaya ba. Wannan ya ce yaya ƙasar Faransi take, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon sanda. Nakan ba su na dariya, in yi shiru da sauran. To, sauran nan ne ya hana ni sakat. Karatuna na allo ne, sai ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya ga gyara ya gyara. Zan dai faɗi tafiyar yadda ta kasance, har da wuraren da ban fito da kyau ba.

Sunana Sule, sana'ata tace kakin zuma. Mutanen ƙauye su kawo saƙar da aka matse zumarta, in dafa a tukunya, kakin ya taso sama rawaya, in kwashe, in zubar da baƙar dauɗar da ta kwanta a gindi. Shekara goma sha ɗaya ina wannan aiki, amma ban taɓa tsayawa kusa da amya ba, don tsoron harbi nake yi.

Wana, Yaya Habu, magini ne, shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Ƙarshen bazara wata azara ta yanke shi a ƙwauri, ciwon ya zama gyambo, ya ƙi jin magani. Muka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce a bar shi a kwantar da shi, in an yi sakaci abin zai kai ga yanke ƙafa. Yaya da jin yanka ya ce a mai da shi gida. Magini ba ƙafa, wa zai hau masa katanga?

A kwanakin akwai wani Bafulatani mai fataucin shanu, Malam Bobbo, mutumin Ngaundare, da ya sauka a unguwarmu. Ya zo dubiya, ya ciro wani baƙin dunƙule kamar ƙwan agwagwa, mai ƙanshin turaren wuta. Ya nuna wa Asabe, matar Yaya, yadda za ta gutsuri kaɗan ta murza da man kaɗe, ta shafa bayan ta wanke ciwon. Ya ce a amya ake samunsa. Jibin ranar ya kama hanyar ƙasarsu. Kwana tara Asabe tana yi, warin ya ɗauke, bakin gyambon ya fara haɗuwa, Yaya ya koma cin tuwo.

A nan na sa hannu. Na ɗauki dunƙulen na duba, na ga ciyawa a ciki, da ƙafafun ƙudan zuma, da ƙasa. Na ce a raina, wannan ai kaki ne da ba a tace ba, ga gwanin tacewa a gida, a riƙa shafa wa wana datti? Ranar da Asabe ta tafi gidan suna na jefa shi a tukunya. Abin da ya taso bai kai goro ba, ga shi fari-fari. Na ƙasan kuwa na riga na watsar a kwata, yadda hannuna ya saba. Tsoro ya kama ni. Na ɗebo kakina na cika, na murza da baƙin tukunya, na mayar cikin kwanonta na rufe.

Washegari ta ce, "Sule, maganin nan ƙanshinsa ya tafi."

Na ce, "Kin bar shi a buɗe ne, ya sha iska."

A gaban Inna, mahaifiyarmu, na faɗi haka. Kwana shida gyambon ya koma gidan jiya, Inna ta daina amsa gaisuwar Asabe. Asabe ta ce a koma asibiti. Ni kuwa na ce a dakata, na rantse zan je Ngaundare in kawo wani.

Yaya ya ce, "Kwana nawa?"

"Ashirin."

"To, zan jira ka. Kada wanda ya ƙara yi mini zancen wuƙa."

Da zan fita Asabe ta biyo ni zaure. Ta ce, "Sule, in ka san wani abin da ban sani ba, faɗa mini kafin ka tafi." Na ce ba abin da na sani, na ɗauki ƙunshina.

Motar da na hau ta gishiri ce, mu goma sha wani abu a kan buhuna. Wudil, Birnin Kudu, Kari, muka kwana a Fataskum lafiya. Bayan nan damina ta tare mu. Ashe in an yi ruwa akan sa shinge a hanya, ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta tsane, don kada a lalata hanyar. Kafin Biu muka tarar da shingen a rufe, mai gadi yana zaune yana cin gyaɗa. Na je na durƙusa masa.

"Baba, marar lafiya na bari a gida."

"Kowa da ka gani a kan motar nan wani abu ya bari a gida. Sai gobe da hantsi, in ba a ƙara ba."

Aka ƙara. Kwana biyu muna nan ƙarƙashin tamfol. Don in rage zafin zuciya na riƙa ba fasinjoji labarin wana da irin nisan da zan yi dominsa. Wata tsohuwa 'yar Biu ta miƙo mini dafaffiyar gurjiya, ta ce Allah ya ba jikokinta zumunci irin nawa. Na ce amin. Na tura gurjiyar a aljihu ban ci ba.

Ran kwana shida muka haye Binuwai a jirgin fito, muka shiga Jimeta. Na sauka gidan wani fatoma mai saukar da 'yan goro. A can Hausa baƙuwa ce, kowa Fulatanci. Don in shiga jama'a na ce kakata Bafulatana ce. Maigidan ya zuba mini magana mai tsawo, ni kuwa jam kaɗai na sani, wato lafiya, na yi ta maimaitawa. Aka yi ta dariya, ashe tambayata ya yi ko na iya ɗaukar kaya. Da ya ji ba ni da takardar wucewa, shi ya haɗa ni da ayarin 'yan goro a matsayin ɗan dako, na ɗauki huhun goro a ka har bakin kogin Faro. Mutumin da hannunsa bai san abin da ya fi ludayi nauyi ba.

A ƙetare muka tarar da duwan, wato kwastan na Faransi, da jandarma biyu masu gajeren wando. Ba su damu da goron ba kamar yadda suka damu da damatsanmu. Kowa sai ya nuna tabon lamba ta rigakafi. Nawa na tun yarinta ne, ya shafe. Nan take aka tsaga mini sabuwa. Kafin mu isa Garwa hannun ya fara zafi, kwana biyu bayan nan ya kumbura har ba na iya ɗaga shi. Motar da na hau daga Garwa kuwa, ina ganin direba ya kama dama na yi salati, na ɗauka maye yake yi. Ashe su ta dama suke tuƙi, ba ta hagu kamar mu ba. Duk motar da ta taho sai in rufe ido. Burodin nan da kuke tambaya gaskiya ne, dogo ne, ɓawonsa yana yanka dasashi, kuma a hammata suke riƙe shi ba ko takarda. Ban ji daɗinsa ba. Duk lomar da na kai baki lissafin kwana nake yi.

Ran goma sha ɗaya muka hau dutse muka shiga Ngaundare, gari mai sanyi da jar ƙasa. Na nemi gidan Malam Bobbo, aka ce yana ruga wajen shanu, ba a san ranar dawowarsa ba. Na ce ba zan zauna ba, na shiga kasuwa. Sai dai ban san sunan abin ba. Ni da kaina na raɗa masa baƙin kaki, haka na riƙa tambaya. Hausawan garin suka yi ta yawo da ni wurin masu kaki, ana fito mini da tsohon kakin da hayaƙi ya dafe. Kwana biyu a haka. Zan faɗi gaskiya, har na ɗauki wani curi na juya shi, zuciyata tana cewa saya ka koma, wa zai gane? Na sansana, ba ƙanshin nan. Allah ya taimake ni na ajiye.

Malam Bobbo ya dawo ran goma sha uku. Ya yi murna da ganina, aka kawo kindirmo. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya ajiye ludayinsa.

"Wanda na bari ai ya isa wata biyu."

"Ya ƙare, Malam."

"Ya ƙare? Ci yake yi?"

Na ce gyambon babba ne. Ya dube ni. Ya ce abin ba kaki ba ne, in da Hausa za a faɗa sai dai a ce ƙaron amya, kuma ba a kawo shi kasuwa. Wurin wani tsoho ɗan ƙabilar Baya yake samu, Baba Ndanga, tafiyar rabin yini a ƙasa.

Da sassafe muka tashi, kafin azahar muna ƙauyen. Aka kawo tuwon rogo mai yauƙi da miyar ganyen rogo, da wani ruwa mai zaƙi a ƙwarya. Ƙishirwa ta sa na kurɓa sau biyu kafin Malam Bobbo ya kama hannuna ya ce giyar zuma ce. Na yi ta tofarwa ina istigfari, matan gidan suna dariya. Su kuma ba su ji haushi ba, suka kawo ruwa.

Baba Ndanga gajere ne, hannuwansa duk tabon harbi. Ba ya jin Hausa, Malam Bobbo ne yake juya mana magana. Ya kai mu bayan gida inda ya jingine tsofaffin amyoyin da zuma ta tashi daga ciki. Nasu masu tsini ne kamar hular kara, ba kamar namu dogaye ba. Ya fasa bakin ɗaya, sai ga baƙin abin nan liƙe ko'ina, a bakin ƙofa da kowace tsaga. Ya ce kaki daga jikin ƙudan yake fita, wannan kuwa daga itace suke kwaso shi, hawayen da itace yake yi in an ji masa ciwo, da danƙon da yake rufe tohon ganye. Su ɗauko a ƙafa, su cuɗa da ɗan kaki da garin fure, su toshe duk inda iska ko ƙwaro zai shiga. Ya ce mafi yawansa ƙaron itacen ne, ƙanshin kuma man itacen ne. Shi ya sa na kowane daji da launinsa da ƙarfinsa. Nasa na kusa da itatuwan maje ne. Da sanyi yakan karye kamar kwalba, da rana ya kama yatsa.

Sai ya sa wuƙa ya ɓamɓaro wani ƙullutu daga cikin amyar, ya raba shi biyu. Ƙadangare ne a ciki, a bushe, da fatarsa da farcensa. Ya shiga sata ƙudan suka kashe shi, ya fi ƙarfin su fitar, suka lulluɓe shi. Na kai hanci, ba ɗoyi ko kaɗan. Tsohon ya ce abin da ya hana wannan ruɓewa, shi yake hana ciwo ruɓewa. Da shi suke maganin ƙuna, da ciwon baki, da kaushin da ya tsage.

Na tambaya ko ana tace shi.

Ya ce a kawo ruwan zafi a kasko. Ya jefa gutsure a ciki. Muna kallo, ɗan kaki ya narke ya taso sama. Ya sa ganye ya share shi ya yarfar a ƙasa. Ya tsiyaye ruwan, ya lakato baƙin da ya kwanta a gindi, ya ɗaga mini a yatsa. Malam Bobbo ya ce, "Wai wannan ne maganin. Na saman nan na fitila ne."

Na zauna a ƙasa. Nan na faɗa wa Malam Bobbo komai, har baƙin tukunyar, har abin da na ce da Asabe. Ya juya wa tsohon maganar. Tsohon bai yi dariya ba. Ya tambayi kwana nawa ke nan. Na faɗa. Ya tambaya ko ƙasarmu ba itace ne, ba zuma. Na ce akwai. Ya ce to duk amyar da ta shekara akwai shi a ciki, ko bai kai nasa ba.

Ku ji fa. Masu kawo mini saƙa daga Rano suke zuwa, tafiyar yini guda. Da na buɗe baki na faɗi abin da na yi, da wani cikinsu ya gane abin. Ban zo Ngaundare don nan kaɗai ake samu ba. Na zo ne don ta fi ko'ina nisa da idon Asabe.

Baba Ndanga ya kankare amya huɗu, ya cura mini dunƙule uku, ya naɗe a ganye. Da zai miƙo ya riƙe hannuna, ya yi magana yana buga ƙwaurinsa. Malam Bobbo ya ce, "Ka saurara da kyau. Ya ce in ka je ka tarar nama ne, ka shafa. In ka hangi ƙashi ya yi toka-toka, to ya wuce aikin zuma. Kada ka rufe shi da wannan, rufewa zai yi ta sama ya ci ta ciki. Kai shi wurin masu wuƙa a ranar."

Komowa ba na ganin komai sai hanya. A bakin Faro duwan suka kwance ƙunshin, suka ga baƙaƙen dunƙule uku, suka ce albarushi ne aka cura. Babbansu ya sa aka zaunar da ni a rana, ɗaya ya ɗauki dunƙulen zai jefa a kogi. Ba ni da Faransanci, ba ni da Fulatanci. Na fizgi gutsure na jefa a baki na tauna. Ɗaci da yaji suka cika mini baki, ya liƙe mini haƙora har ban iya buɗe su ba, hawaye na zuba. Suka yi dariya har ɗaya ya dafa bango, suka sallame ni. Amma jiragen ranar sun riga sun tashi, na kwana a gaɓa. Bayan Jimeta kuma ruwa ya cinye wata gada, muka yi kwana uku ana jera itace. Ran ashirin ta same ni a zaune a bakin rafi ina kallon mota a tsallake.

Ran ashirin da shida, bayan azahar, na shigo Madabo. Tun daga zaure warin ya tare ni. Inna ta fito tana hamdala, tana cewa ɗan albarka ya dawo. Asabe tana tsugune a ƙofar ɗaki da kaskon ruwan zafi, ta rame har na kusa rashin gane ta. Yaya yana kwance, jikinsa kamar garwashi.

Ya ce, "Ka ce ashirin."

"Hanya ce, Yaya."

"Ka samo?"

Na kwance ganyen, ƙanshin ya cika ɗakin. Ya lumshe ido ya ce, "Shi ne." Asabe ta warware tsumman a hankali. Gyambon ya kai faɗin tafin hannuna. A tsakiyarsa akwai wani wuri kamar tsohon ɓawon kabewa, toka-toka, a bushe.

Inna ta ce, "Shafa wa wanka mana, me kake jira?"

Ba wanda ya ji maganar tsohon nan sai ni. In na shafa, warin zai ɗauke, kwana biyu unguwa ta yi ta sa mini albarka, abin da zai biyo baya a ce ƙaddara ce. Har na gutsura na fara murzawa a tafin hannu. Na ɗaga kai, Asabe tana kallona, irin kallon da ta yi mini a zaure.

Na ce, "Yaya, ba zan shafa ba. Ya kai ƙashi. Mai maganin ya ce in ya kai ƙashi asibiti za a je, yau."

"Kai da ka hana ni zuwa?"

"Ni ne. Kuma na farkon bai sha iska ba. Ni na dafa shi na zubar da maganin, na mayar muku da kakina da baƙin tukunya. Yaya Asabe ba ta bar komai a buɗe ba."

Inna ta zauna a bakin gado kamar an sare ta. Yaya ya daɗe yana kallon rufin ɗakin da ya gina da hannunsa, sannan ya ce, "Nemo amalanke."

Ni na tura shi har asibiti. Washegari aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa. Malamin asibitin ya ce da an ƙara 'yan kwanaki da ba ƙafa kaɗai za a rasa ba. Na nuna masa dunƙulen, ya sansana, ya ce ya taɓa jin likita yana zancensa, wai su ma Turawa sun san shi, ga ciwon fata yana iya taimakawa. Ko na farkon da ya warkar da Yaya in da na bar shi, wannan ba mai iya faɗa mini, na kuwa tambayi mutane da yawa.

Ran da zazzaɓin ya sauka na durƙusa a gefen gadonsa na nemi gafara. Ya ce, "Tawa ƙafa ce, ta tafi, Allah ya riga ya rubuta. Waccan kuwa wata guda tana gaida Inna ana juya mata baya, tana wanke ruɓa da hannunta. Tana waje."

Na same ta a gindin wata bishiya da kwanon kunu a gabanta. Na tsuguna.

"Yaya Asabe, ki yafe mini."

"Tun ranar na sani. Da na murza, tafin hannuna ya yi baƙi. Na Malam Bobbo ba ya baƙanta hannu."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa wa wa? In ce autan Inna ya yi ƙarya, a gidanku?"

Ta goge gindin kwanon da bakin zanenta, ta miƙo mini.

"Kai wa wanka kafin ya huce."

Na karɓa na kai. Yau wata biyar ke nan. Yaya yana zama a zaure yana yanke wa magina ƙirar tubali, Inna da kanta take kai wa Asabe goro. Ni ma muna gaisawa, tana zuba mini tuwo kamar kowa. Kalmar da na roƙa dai ba ta faɗe ta ba tukuna, ni kuma ban sake tambaya ba.